Jiran Giwa Daban, Jiran Fasinja Daban

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ɗan ba ni fili in amayar da wani abu da ya tsaya mini a rai tun hutun makaranta na watan Disamban da ya wuce. Ni malamar firamare ce a Kano. Aikina ya ɗaure rayuwata da ƙararrawa, ƙarfe kaza a shiga aji, ƙarfe kaza a fita tara, ƙarfe kaza a tashi, wataƙila shi ya sa abin da wasu za su ce ba komai ba ne ni ya dame ni. Maganar jira ce, da yadda ake wasa da lokacin mutane a tashoshin mota, sannan idan mutum ya buɗe baki a toshe masa shi da "yi haƙuri".

Mun daɗe muna yi wa yara alkawarin kai su Yankari. Da na kwashi adashina, maigida ya ɗora nasa a kai, sai muka ce bana dai kam a cika. Hajiya, mahaifiyarsa, ta ce ƙafarta ƙafarmu, don 'yarta na aure a Bauchi kuma ta kwana biyu ba ta leƙa ta ba. Tsarin da muka yi ba shi da wuya: mu tashi Juma'a da sassafe, mu isa Bauchi kafin azahar, maza su sami jam'i a can, da la'asar mu kai yara su ga kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, mu kwana gidan Gwaggonsu, Asabar mu wuce daji. Tun ranar Alhamis maigida ya je tasha da kansa ya tambaya, aka ce masa motar farko ƙarfe bakwai take tashi, ko minti ba ta ƙarawa.

Ana sallame sallar asuba muka fita, ga hunturu yana kaɗawa, Auta har haƙoransa na haɗuwa. Muka tarar da bas a kan lodi, kujerun gaba duk da mutane. Ɗan kamasho ya tarbe mu da fara'a, yana cewa, "Alhaji ka zo a daidai, in kun shiga saura mutum uku." Muka biya, aka ɗaure kaya, muka zauna. Bakwai ta yi, saura mutum uku. Takwas ta yi, an sami fasinja biyu sun shiga, amma har yanzu saura mutum uku. Auta ne ya fara lura da abin da ke faruwa. Ya taɓo ni ya ce, "Umma, wancan mutumin ya fasa tafiyar ne?" Na duba sai na ga duk lokacin da fasinja mai kaya ya shigo, sai wani saurayi marar ko leda a hannu ya zame ya fita, ya koma gindin mai shayi. Ashe rabin waɗanda muka tarar a ciki ba inda za su, an zaunar da su ne don mai zuwa ya ga kamar mota ta cika. Hajiya ta yi dariya ta ce wannan dabara ta girmi uban yaran nan.

Malam Edita, ba tsawon zaman ne ya ƙona mini rai ba. Mace da ta yi goyo ta yi yaye ba za a koya mata zama ba. Abin da ya ɓata mini shi ne an ɗaure mu a kujera da ƙarya. Gidan yayata bai fi tafiyar Keke Napep ta 'yan mintuna ba daga tashar. Da an ce mana, gaskiya motar nan sai wajen goma ko sha ɗaya, da mun bar kaya mun je can yara sun karya kumallo da abu mai zafi, Hajiya ta sha maganinta a kan abinci, ta miƙe ƙafarta mai ciwo. Amma wa zai motsa alhali kowane lokaci ana ce masa yanzu za a tashi? Ko bayi 'yata ta ce za ta je sai na ce ta ɗan daure kada a tafi a bar mu. Direba ma yana taya su: ya shigo ya tayar da inji, ya ɗan gusa gaba kamar zai fita, kowa ya gyara zama ya karanta addu'ar hawa abin hawa, sai ya kashe ya fice abinsa. Awannin nan ba mu yi tafiya da su ba, ba mu huta da su ba, ba mu ci abinci da su ba. Sun tafi a banza, kuma wani ne ya ɗauke su da saninsa.

Don kada a ce na yi son kai, na san halin da direbobi ke ciki. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta taɓa 1,000. Kano zuwa Bauchi tafiyar kusan kilomita 300 ce. Direba zai sha mai, zai biya kuɗin lodi, zai ajiye na mai mota, ga abin da ake miƙawa a hanya wanda kowa ya sani ba sai na faɗa ba. Kujera biyu in suka tafi babu kowa, ribar ranar ta tafi ke nan. Ba wanda ya ce ya tashi da mota holoƙo. Fasinja ma sun ragu, don tsada ta sa mutane sun rage zirga-zirga, saboda haka motar da a da take cika kafin hantsi yanzu tana iya kaiwa walaha. Duk na yarda. To amma wane ɓangare na wannan lissafi ne ya wajabta a yi wa tsohuwa ƙarya?

Sai da rana ta take muka bar tasha, kuma daga nan kowane jinkiri ya riƙa haifar da ɗan'uwansa. Juma'a ce, ranar kasuwar Wudil, kasuwar shanun da ake zuwa daga ko'ina. Da mun wuce da bakwai da gadar a sake take, amma yanzu manyan motocin shanu da 'yan kasuwa sun cika titi, muna tafiya taku-taku. Sallar Juma'a ta riske mu a Birnin Kudu. Bayan mun wuce Ningi kuma taya ta yi faci, safaya ba iska, sai da yaron mota ya hau babur ya nemo mai faci. Abin da na lura da shi a nan shi ne ba wanda ya yi gunaguni. Kowa ya ga ƙusar da idonsa, direba kuma ya ce, "Jama'a ku sauka ku sha iska, wannan sai mun yi awa guda." Da jin haka mata muka shimfiɗa zannuwa a inuwa, aka yi la'asar a natse, yara suka sayi rake, wata baiwar Allah 'yar Azare da ke kusa da ni ta koya mini yadda take haɗa yajin daddawarta. Mutanen da suka kusa cinye ɗan kamasho ɗanye da safe, su ne ke raha a bakin titi, alhali nan ma zaman jira ne. Ba mu shiga Bauchi ba sai bayan lisha. Ziyarar kabarin Firayim Minista sai a hanyar dawowa muka yi ta a gurguje.

Washegari Gwaggon yara ta ce ba mai fita sai ya ci masar Bauchi. Yara suka kewaye tanda suna kallon ƙullu yana tashi ana juyawa, ba wanda ya ce a yi sauri, don suna ganin abin da suke jira yana nuna a gabansu.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, Yankari tana ƙaramar hukumar Alkaleri ne, kimanin kilomita 110 daga garin Bauchi. Hanyar Gombe ake bi, a Dindima a karya kwana, a shiga ta ƙofar Mainamaji, sannan a yi ta tafiya cikin daji kafin a kai masaukin Wikki. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan aka mayar wa jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Mun zaɓi rani ne da gangan, don lokacin ciyawa ta bushe, ruwan daji ya janye, dabbobi na gangarowa kogin Gaji su sha. Da damina kuwa ko'ina ruwa, ko'ina duhuwa, dabba ba ta da dalilin zuwa inda za ka gan ta.

Yaran nan giwa suka zo gani, ba wani abu ba. Tun a Kano Auta ya gaya wa duk 'yan ajinsu. Kafin mu hau motar zagaya daji, ɗan rakiyar da aka haɗa mu da shi, wani dattijo mai sanyin magana, ya tara mu ya ce, "Alhaji, Hajiya, bari in gaya muku tun yanzu. Zagayen nan kamar awa biyu ne. Gwanki da gwambaza in sha Allahu za ku gani. Ɓauna wataƙila. Giwa kuwa ba na yi muku alkawarinta, dajin da faɗi kuma ba ɗaure take ba, wani lokaci sai a yi kwanaki ba a haɗu da garken ba." Na ga fuskar Auta ta canja, amma ya haɗiye.

A bakin Gaji direba ya kashe mota, aka ce kowa ya yi shiru. Mun daɗe a wurin. Da farko ni ba na ganin komai sai itatuwa da ƙura, sai dattijon ya riƙa nuni da yatsa: ga gwambaza can tsaye cikin ciyawa, launinta ya saje da ita, wancan da kuke zaton gungume ne, kada ne yake shan hantsi. Sannu a hankali ido ya saba. 'Yata, wadda a gida ba ta iya minti biyar ba ta taɓa wayata ba, ta shiga ƙirga tsuntsaye, dattijon ya ce mata kada ta gaji, irinsu a dajin ya haura 350. Muka ga garken ɓauna daga nesa, baƙi ƙirin, sun ɗago kai suna kallonmu. A wani wuri ya sa aka tsaya ya nuna mana kashin giwa da bai gama bushewa ba, da rassan da ta karya, da sawunta a laka wanda Auta ya ce zai iya zama a ciki. Ya ce daren jiya suka wuce ta nan. Ya kuma gaya wa yara cewa giwa wata 22 take yi da ciki kafin ta haifi ɗa guda, shi ya sa in maharbi ya kashe ɗaya don haurenta, cike gurbinta aikin shekaru ne. Hajiya ta ce, "Wata ashirin da biyu! Allah Ya ba ta lada," duk motar aka kwashe da dariya, dattijon yana roƙonmu mu rage murya.

Har muka baro Yankari ba mu ga giwa ba. Mun sake fita da yamma, nan ma ba mu dace ba. Kuɗinmu muka biya, tafiya mai nisa muka yi, abin da muka zo dominsa bai samu ba, amma ban ji ko ɗaya daga cikinmu ya ce an cuce shi ba. Mutumin ya faɗa mana iyakar abin da ke hannunsa da abin da ba ya hannunsa, ya ce awa biyu kuma awa biyun aka yi. Wannan shi ne jiran da haƙuri ya dace da shi, irin na manomi da ruwan shuka, irin na daren duban wata. Na tasha kuwa mutum ne ya ƙulla shi, ya san gaskiya ya ɓoye, sannan ya ari sunan haƙuri ya yafa. Mun gwama biyun har mun kai in mutum ya nemi a gaya masa gaskiyar lokaci sai a ce ya cika gaggawa, ko a ce ba shi da tawakkali. Ni kuwa a Islamiyya an karantar da mu cewa alamomin munafuki uku ne, kuma biyu daga ciki su ne ƙarya in ya yi zance da saɓawa in ya yi alkawari. Ban ji inda aka cire ɗan kamasho ba, ko tela, ko mai ɗaurin auren da zai rubuta ƙarfe goma a kati alhali ya san sai bayan azahar.

Akwai wani abu kuma da zaman dajin ya nuna mini, wanda ba ƙorafi ba ne. Ruwan Wikki ɗumi gare shi dare da rana, rani da damina, yana nan wajen digiri 31, garai-garai har kana ganin yashin ƙasa. Da yamma maza suka shiga, ni da Hajiya muka zauna daga gefe ta tsoma ƙafafunta, muna gadin ledar abinci saboda gwaggon biri, waɗanda ba su da kunya ko ta sisin kwabo, ɗaya ma sai da ya fizge burodi a hannun wani bawan Allah a gabanmu. Babu inda za mu, babu abin da ke jiranmu, waya ma sabis sai ya ga dama. A nan Hajiya ta ɓalle da labarin da shekarun da na yi a gidansu ban taɓa ji ba. Ashe kakanta falke ne, yana bin ayari zuwa Gwanja sayen goro, a ƙasar da yanzu take cikin Ghana. Su fita da jakuna bayan kaka, da kanwa da tufafi, a yi watanni ana tafiya zango-zango, wani lokaci sai shekara ta zagayo kafin a ga ƙeyarsu. Ta ce matan gida ba sa zaman zullumi, don tun kafin a tashi madugu ya faɗi lokacin da ake sa ran dawowa, mace ta san za ta yi noman gayaunarta, ta yi kaɗinta, ta yaye ɗanta kafin mijinta ya dawo. Babban ɗana, wanda bana zai rubuta jarrabawar fita sakandare, ya fito daga ruwa ya zauna yana ta yi mata tambayoyi, ita kuma tana tsokanarsa da "maigidana" irin na kaka da jika.

Ina kallonsu sai lissafi ya zo mini. Yaron nan in Allah Ya sa ya sami makaranta, baɗi war haka ba lallai yana gida ba. Hajiya kuma ƙafa ta fara ƙi. A mota ɗaya muka zo amma kowa da irin agogonsa: Auta tun daga Wudil yake tambaya ko mun kusa, awa guda a wurinsa shekara ce, Hajiya kuwa cewa take yi jiya-jiya fa aka yi sunan uban yaran nan. Ni da ke tsakiya, kullum cikin ƙirga nake, kwanakin hutu nawa suka rage, albashi yaushe zai shigo. Hutun talaka ɗan kaɗan ne, kuma da guminsa ya saye shi. Shi ya sa rabin yinin da aka cinye mana a tasha ya yi mini ciwo fiye da kuɗin motar: daga cikin 'yan kwanakin da tsohuwar nan za ta yi da jikokinta aka yanke shi.

Na san za a ce ai haka muke, wai lokacin Bahaushe. Ni ban yarda ba. A watan azumi a duba jadawalin shan ruwa da ake mannawa a masallatai, minti-minti aka rubuta shi, kuma ban taɓa ganin wanda ya ƙara minti goma a kan magariba don sakaci ba. Liman ba ya jiran attajirin unguwa kafin ya tayar da kabbara. Tun da aka buɗe jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a 2016, mutumin da ke zuwa taron biki a makare shi ne za ka gani a Rigasa da jakarsa tun kafin lokaci, saboda an rubuta masa ƙarfe kaza a tikiti kuma ya san ba za a jira shi ba. Ɗalibaina 'yan shekara bakwai suna rugowa da gudu in sun ji ƙararrawa. Mun iya kiyaye lokaci sarai a duk inda muka san da gaske ake. Inda muke sakaci shi ne inda muka ga wanda zai jira ɗin bai isa ya yi mana komai ba: fasinja, marar lafiya a layin ganin likita, ɗan fansho, mai neman sa hannu a ofis. Raini ne kawai, ba al'ada ba.

Roƙona ga shugabannin direbobi da masu kula da tashoshi ba mai tsada ba ne. A kafa allo a gaban kowace motar da ke lodi, irin wanda nake rubutu a kai a aji, a rubuta kujeru nawa ne, nawa aka biya, a riƙa gogewa ana gyarawa. Alli kawai zai ci. A daina zaunar da fasinjan bogi, duk wanda aka kama a ci shi tara kamar yadda ake cin direban da ya tsallake layi. Wanda ya biya a karɓi lambar wayarsa, in saura kujera biyu a kira shi, yanzu ai ko mai sayar da ƙosai tana da waya. Sannan a ware mota ɗaya tak a kowace safiya wadda za ta tashi a kan lokaci ko ta cika ko ba ta cika ba, a ɗora wani abu a kan kuɗinta don direba kada ya faɗi. Mai tsoho, mai jinya, mai ƙananan yara da mai sammakon jarrabawa za su biya da murna, mu ma da an ba mu wannan zaɓi ranar da mun biya. Wanda kuma ba ya sauri ya hau ta layi, amma a gaya masa gaskiya cewa jiya sai sha ɗaya ta cika.

Hutun ƙarshen zango na tafe, Hajiya kuma ta riga ta ce wannan karon Daura za a kai ta ta ga dangin mahaifiyarta, yara su ga rijiyar Kusugu. Ina fata kafin nan wani daga cikin shugabannin tasha ya karanta wannan wasiƙa, in ma yana ganin allon ba zai yiwu ba, ya rubuto ta wannan fili ya gaya mana dalili.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Taku,
Wata malamar firamare,
Kano.